Abin da Na Kasa Ji a Ƙirjin Wata Kwikwiya

Mahaifina bakanike ne. Garejinsa na bakin titi, ƙarƙashin wata darbejiya, kuma tun ina ɗan shekara bakwai ni ke kai masa abincin rana. Idan aka kawo motar da ciwonta bai fito fili ba, ba ya fara kwance komai. Sai ya ce wa yaransa, "Ku kashe rediyon nan." Ya ɗauko doguwar sukundireba, ya ɗora bakinta a jikin injin, ya manna mariƙin a kunnensa, ya lumshe ido. Ya matsa da ita nan, ya matsa da ita can. Mai mota na tsaye yana duba agogo, shi ko a jikinsa. Can sai ya buɗe ido ya ce, "Bawul ne." A lokacin dariya abin yake ba ni.

Burinsa ɗaya a kaina, in zama likita. Sau biyu na zana jarrabawar shiga jami'a makin bai kai ba. A karo na uku aka ba ni likitancin dabbobi, na karɓa ba don ina so ba, sai don na gaji da zaman gida da tambayar mutane. Na yi shekara shida ina karatu da rabin zuciya. Da na gama hidimar ƙasa na samu aiki a wani ƙaramin asibitin dabbobi a Kaduna, inda akasarin abin da ake kawowa karnukan gadi ne. Daga nan sunana a dangi ya tashi daga likitan awaki ya koma likitan karnuka. Wata gwaggona ba ta yarda in sa hannu a kwano sai na wanke da sabulu a gaban idonta. Na taɓa gaya mata cewa a mazhabar Malikiyya da muke bi kare mai rai ba najasa ba ne, kuma shari'a ta halatta ajiye shi don farauta da kiwo da gadin gona. Ta ce, "To malam, mun ji, wanke hannun dai."

Na kawo wannan ne don a san da wace irin zuciya nake aiki a lokacin. Kunyar sana'ata nake ji. Mai kunyar aikinsa kuwa sauri yake ya gama ya wanke hannu.

Wata Asabar, ranar da muka fi cika, wata Hajiya ta zo da ɗanta mai kimanin shekara goma sha biyu, yana rungume da kwikwiya 'yar mako takwas, irin manyan karnukan nan da ake kira Alseshan. Mijin Hajiyar bai daɗe da rasuwa ba, kuma bayan ta fita takaba ɓarayi suka haura musu katanga har sau biyu. Shi ya sa ta sayi karyar, da kuɗi masu yawa a wurinta. Mai sayarwar ya ba ta mako guda, idan likita ya ga wani aibu ta mayar. Rigakafi suka zo yi, da kuma wannan dubawar.

An ɗauke wuta, janareto na ruri a bayan taga, mutum shida na jira a benci, wani ƙaton kare na ta haushi a waje. Na duba ido, na duba dasashi, na auna zafin jiki, na shafa ciki. Sannan na ɗora abin sauraren ƙirji a bayan gwiwar ƙafarta ta gaba ta hagu, inda kowa ke ɗorawa. Zuciyar kwikwiyo tana gudu, takan haura bugu 180 a minti idan ya tsorata. A cikin wannan gudun na ji kamar wani ɗan "shuu" can nesa. Ban fi daƙiƙa goma ba na cire. Na ce a raina irin gunagunin nan ne mara lahani da ake samu a kwiyakwiyai, wanda ke ɓacewa da kansa kafin su kai wata huɗu zuwa shida. An koya mana shi, kuma akwai shi da gaske. Amma ban tantance ba. Na zaɓi amsar da za ta ba ni damar kiran na gaba ne kawai. Na rubuta a kati cewa zuciya da huhu lafiya, na sa hannu.

Hajiya ta ce, "Likita, lafiyarta ƙalau ko? Kada in yi asara."

Na ce, "Ƙalau take, Hajiya. Ku je abinku."

Sauran rigakafinta wani abokin aikina ya yi, shi kuma ya ga sa hannuna a kati, bai sake saurare ba.

Bayan wata biyar suka dawo. Yaron ne ya fara shigowa, idonsa jawur. Karyar ba ta girma kamar sa'o'inta ba, ta rame, tana tari, numfashinta sama-sama, ba ta iya kwanciya sai dai ta zauna ta miƙe wuya. Mai asibitin, dattijon likita ne da ya fi shekara talatin a aikin, yana nan ranar. Bai ma ɗauki abin saurare ba tukuna. Ya zura tafin hannunsa can cikin hammatarta ta hagu, ya yi shiru. Sai ya kamo hannuna ya sa a wurin. Na ji ƙirjin yana karkarwa a ƙarƙashin yatsuna, kamar wayar da aka cire wa ƙara tana ɓari a aljihu. Ya ce a kashe janareto. Ya miƙo mini abin saurarensa, ya tura shi sama, gaba da inda na saba ɗorawa da kamar faɗin yatsu uku.

Ban taɓa jin irin wannan ƙara a jikin mai rai ba. Kamar injin markaɗe a gidan maƙwabta, yana hawa yana sauka amma ba ya tsayawa. Babu wannan ɗan shirun da ke tsakanin bugu da bugu.

Ga abin da ke faruwa. Ɗan tayi a cikin uwa ba ya numfashi da huhunsa, don haka Allah Ya yi masa wata gajeruwar jijiya da ke haɗa jijiyar huhu da babbar jijiyar da ke kai jini jiki, jini ya riƙa tsallake huhun. Idan aka haife shi ya fara shaƙar iska, wannan hanya takan rufe cikin 'yan kwanakin farko. A wasu ba ta rufewa. Sai jini ya riƙa kwarara daga babbar jijiya yana komawa huhu, a lokacin da zuciya ta matse da lokacin da ta saki, shi ya sa ƙarar ba ta yankewa. Ɓangaren hagu na zuciya sai ya riƙa ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinsa, ya buɗe, ya gaji, ruwa ya taru a huhu. Yana cikin lahanin zuciya uku da aka fi haihuwar karnuka da su, ya fi kama mata, kuma Alseshan na cikin jinsunan da aka san su da shi. Fiye da rabin waɗanda ba a yi wa aiki ba ba sa wuce shekara guda bayan an gano. Idan kuwa aka gano da wuri aka ɗaure jijiyar da zare, ko aka toshe ta ta cikin jijiyar cinya, yawancinsu sukan rayu kamar kowane kare. Duk wannan na rubuta shi a jarrabawa, har na ci. Har da gargaɗin cewa ƙarar takan maƙale can sama a hammata, wanda ya tsaya a bayan gwiwa kawai zai iya wuce ta.

Dattijon ya ɗauki katin ya karanta. Ya dube ni, bai ce komai ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Muka ba ta allurar da ke janye ruwa daga huhu, ta ɗan samu sa'ida, aka ci gaba da ƙwayoyi a gida. Amma zuciyar ta riga ta buɗe sosai, bugunta ma ya rikice. Mako uku ta ƙara. Yaron ne ya same ta da asuba a bakin ƙofar ɗakinsa.

A cikin makonni ukun nan na yi ta kokawa da kaina. Hajiya ba ta san komai ba. An gaya mata da ciwon aka haifi karyar, kuma gaskiya ne, ta ce haka Allah Ya ƙaddara. Ba wanda zai tona. Dattijon ba zai faɗa ba, don sunan asibitinsa ne. Ina iya yin shiru har abada. Kuma wata zuciyar tana ce mini, don Allah kare ne fa, ba mutum ba, mutane nawa ke mutuwa a asibitoci ba a ce komai ba? Da wannan maganar nake samun barci na awa biyu, sai in farka ina jin injin markaɗen nan a kunnena. Abin da ya hana ni sakat shi ne tambayar da ta yi mini da amsar da na ba ta. Amana ta ba ni, na ce ƙalau alhali na ji wani abu.

Kwana biyu bayan mutuwar karyar na je gidan. Na tsaya a zaure na yi sallama, aka shimfiɗa mini tabarma. Na ce, "Hajiya, na zo ne in faɗa miki abin da ba ki sani ba. Ranar da kuka fara kawo ta na ji alama a ƙirjinta, ban tsaya na bincika ba. Da na tsaya, da kin mayar da ita kin karɓi kuɗinki, ko a nemi inda za a yi mata aiki tun da sauran lokaci. Laifina ne."

Ta daɗe ba ta yi magana ba. Sannan ta ce, "Ɗan nan, kuɗin ba su dame ni kamar yaron nan ba. Bara ya binne ubansa." Ashe yana bayan labule yana ji. Ya fito ya tsaya ya kalle ni, kallon da har yau ban manta ba, ya koma ciki. Na ce zan biya kuɗin karyar kaɗan-kaɗan. Ta ƙi da farko, na nace, na biya cikin wata bakwai. Ta ce ta yafe. Yaron bai ce ba, kuma ban ga laifinsa ba.

A ƙarshen wannan watan na ajiye aikin. Na kama shago da wani abokina muna sayar da maganin kaji da abincinsu. Kusan shekara guda ban taɓa abin saurare ba, yana cikin akwati ƙarƙashin gado. Dangi suka ji daɗi, wai na dawo hanya. Ni kuwa na san gudu na yi.

Mahaifina ne ya tare ni. A lokacin ƙafa ta fara hana shi zuwa gareji. Wata rana bayan la'asar na ba shi labarin duka, ina jiran ya ce ai dama ba aikin da ya so mini ba ne. Sai ya tambaye ni, "Janareton yana kunne?" Na ce eh. Ya ce, "Wuri nawa ka saurara?" Na ce ɗaya. Ya girgiza kai. Ya ce shi ma yana saurayi ya taɓa sallamar wata motar haya da ya ji tana wani ƙara, saboda ana kiran sallar Juma'a yana sauri, injin ya buga a hanyar Zariya da fasinja cike. "Ban bar kanikanci ba," in ji shi. "Rediyo na daina bari a kunne." Na gaya masa cewa shi kansa abin sauraren likitoci, wani likitan Faransa mai suna René Laennec ne ya fara shi a 1816, da takarda da ya naɗe kamar bututu ya ɗora a ƙirjin mara lafiya. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ashe bakanike ne."

Na koma wurin dattijon na roƙe shi ya karɓe ni, ko da rabin albashi. Ya karɓe ni da sharaɗi ɗaya: in saurari karnuka ɗari masu lafiya kafin in sake sa hannu a katin kowa. Ya ce wanda bai ƙoshi da jin daidai ba ba zai gane karkatacce ba. Na samu wasu mafarauta a bayan gari, na ce zan riƙa ba karnukansu maganin tsutsa da rigakafin ciwon hauka a kan kuɗin magani kawai, su kuma su riƙe mini su in saurara. Da sassafe nake zuwa, kafin gari ya yi hayaniya. Sun ɗauka taɓin hankali ne ya same ni. Wani tsoho cikinsu yakan ce, "Likita, me take gaya maka yau?"

A wurinsu na koyi abin da littafi ya faɗa amma hannu bai sani ba. Kare yana tsaye ake sauraronsa, don idan ya kwanta zuciyar takan goga da ƙirji ta ruɗe ka. Idan yana haki sai ka rufe bakinsa a hankali na 'yan daƙiƙu, in ba haka ba numfashi za ka ji ka ɗauka ciwo ne. Gashi ma yana ƙara, rawar jiki ma haka. Hannu ake fara sawa kafin ƙarfe, a hammata biyu. Sannan a bi gefen hagu daki-daki: tsakanin haƙarƙari na biyar, na huɗu, na uku, a tura har can cikin hammata inda kare ba ya so, sannan a zagaya dama. Yatsa ɗaya kuma yana kan jijiyar cinya, don ka san ko ƙarar tana zuwa ne tare da bugu ko bayansa. A irin ciwon karyar Hajiya, bugun cinyar kansa yakan yi tsalle ya faɗi da sauri, da na taɓa shi ma da ya tsayar da ni.

Ƙarfin gunaguni hawa shida muke ba shi. Na 1 sai a ɗaki shiru, ka daɗe kana nema. Na 2 a hankali yake amma ba ya ɓuya. Na 3 da na 4 da ka ɗora za ka ji. Na 5 hannu ma yana jin karkarwarsa. Na 6 ko ka ɗaga ƙarfen daga fata kaɗan kana ji. Mara lahani ba ya yin ƙarfi, gajere ne, a hagu yake, kuma ba ya zarcewa bayan bugu na biyu, wato na ƙarshe cikin sauti biyun da zuciya ke yi a jere. Duk wanda ya saɓa wa wannan, ko ya wuce wata shida bai tafi ba, sai an yi hoton zuciya da na'ura. Kunne yana nuna hanya ne, hoton ke yanke hukunci.

Wani abin mamaki, ƙarfin ƙara ba kullum yake nuna girman ciwo ba. Idan huda ce a bangon da ya raba manyan ɗakunan zuciya biyu, wadda aka fi ji a dama kusa da ƙashin ƙirji, ƙaramar huda takan fi babba ƙara, kamar yadda tiyo ke tsiri idan ka toshe rabin bakinsa da yatsa. Akwai kuma ƙuncin da ke ƙasan bawul ɗin babbar jijiya, wanda ake samu a Rotwaila da Boksa da Alseshan. Wannan macuci ne, don a mako takwas yana iya zama ɗan kaɗan, ya riƙa ƙaruwa yayin da karen ke girma, wata rana yana cikin gudu ya faɗi matacce. Shi ya sa ba na yarda da saurare sau ɗaya. Duk zuwa rigakafi sai na sake, ko wa ya sa hannu a baya, ko da ni ne.

A ƙasarmu kuma akwai wani tarko. Kwikwiyon da tsutsar ciki ko kaska suka shanye wa jini, jininsa yakan tsinke, zuciya ta riƙa gunaguni alhali ƙalau take. Na taɓa tayar wa wani bawan Allah hankali a kan haka a farkon dawowata, don tsoro ya sa komai na ji sai in ce ciwo ne. Dattijon ya ɗaga leɓen kwikwiyon ya nuna mini dasashi fari fat. Bayan mako uku na magani ƙarar ta ɓace. Wato daga gaggawa na faɗa cikin firgita, ita ma sai da na yi jinyarta.

Ba kowa ke son kunnen da ke ji ba. Wani mai kiwon karnuka don sayarwa, wanda yake kawo mana aiki sosai, ya kawo kwiyakwiyai shida, na ji gunaguni hawa na 4 a ɗaya. Ya ce in rubuta lafiya, mai saye na jira, "ai zai warke." Na ce ba zan rubuta ba, kuma ina ba shi shawara ya daina haɗa uwar da uban, don irin wannan lahani yana bin jini. Ya kwashe karnukansa bai sake dawowa ba. Na shiga wurin dattijon ina ɗar-ɗar, na ce na kore mana babban mai kawo aiki. Ya ce in rufe ƙofa iska na shigowa.

Firgitar nan ta bi ni har gida. Da aka haifa mini 'yata ta fari, likitocin yara sun duba ta sun ce lafiya. Ni kuwa na san jarirai ma ana haihuwarsu da wannan jijiya a buɗe, na san tun 1938 wani likita mai suna Robert Gross ya ɗaure ta a jikin wata yarinya 'yar shekara bakwai a Amurka, bayan ya gwada aikin a kan karnuka. Sai na sayi sabon abin saurare na ɓoye. Kullum cikin dare in lallaɓa in ɗora mata a ƙirji, hagu, dama, sama. Ba na jin komai sai bugu biyu masu tsabta, amma gobe sai na sake. A dare na goma sha wani abu maiɗakina ta buɗe ido ta kama ni. Ta karɓe abin ta sa a ƙarƙashin matashinta, ta ce, "Baban yarinya, wannan ba majinyaciyarka ba ce, 'yarka ce. Kwanta." Yanzu tana aji uku a firamare, ta fi kowa gudu a layinmu.

Mahaifina ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Sukundirebar tana cikin aljihun teburina a asibiti, tare da kwafin katin nan da na sa wa hannu.

Watan jiya wani saurayi dogo ya shigo da kwikwiyo a kwali. Ban gane shi ba sai da ya gaishe ni ya ce Hajiya na gaida ni. Yana jami'a yanzu. Ya ajiye kwalin a kan tebur, bai yi murmushi ba, ya ce, "Likita, a kashe janareton ko?" Na ce a kashe. Na sa hannu a hammata biyu, babu karkarwa. Na bi haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya, na zagaya dama, na dawo hagu. A can sama na ji wani ɗan "shuu", gajere, hawa na 2, yana tsayawa kafin bugu na biyu. Dasashi ja ne. Na sa masa abin a kunne, na riƙe bakin kwikwiyon, na ce ya jira. Ya daɗe, sannan ya ɗaga kai ya ce ya ji.

Na gaya masa ya fi kama da mara lahani, amma ba zan rubuta lafiya ba tukuna. Na rubuta abin da na ji, da wurin da na ji shi, da hawansa. Na ce ya kira wanda ya sayar masa ya sanar da shi tun yau, kuma ya dawo da shi bayan mako huɗu mu sake ji, idan yana nan ko ya ƙaru mu nemi hoto. Ya karanta katin har ƙasa kafin ya ninke shi. Ranar Talata mai zuwa ne za su dawo.